Yadda ake tankaɗe fim ɗin ƙagen kimiyya: wace ƙarya za a yafe, wacce za a kama

Duk wanda ya taso ana yi masa tatsuniya ya san yadda ake rufe ta: ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Mai tatsuniya ta amsa da bakinta cewa abin da ta faɗa ba a yi shi ba, kuma babu yaron da ya taɓa yin fushi don kura ta yi magana. Amma ranar da ta ce Gizo ya faɗa rijiya ya mutu, can gaba sai ga shi yana cin tuwo a gidan sarki ba tare da ta faɗi yadda ya fito ba, ranar za ta sha tambayoyi. Yara sun yarda kura ta yi magana, ba su yarda a raina musu hankali ba.

Da wannan ma'aunin nake kallon fina-finan ƙagen kimiyya, musamman na sararin samaniya. Ga yadda nake bi, ko zai yi wa wani amfani.

Mataki na 1: Ka kalla kamar kowa, sannan ka nemo babbar ƙaryar

Kallon farko na jin daɗi ne. Wanda ya zauna da biro da takarda tun daga farko ba zai ga fim ba, kuma ba zai bar na kusa da shi su gani ba. Sai an gama za ka tambayi kanka: me fim ɗin nan ya roƙe ni in yarda da shi kafin labari ya tashi? Kusan kowanne yana da abu guda. Wani ya ce kumbo na iya fin haske gudu. Wani ya ce ana iya komawa shekaranjiya. Wannan ita ce maganar kura ta fim ɗin, ba a kama shi da ita.

Dalili kuwa, tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa gare shi. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da can ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Marubucin da ke son jaruminsa ya karya kumallo a wata duniya ya ci tuwon dare a wata, dole ya yi ƙarya. Ka ajiye masa wannan gefe. Abin da za ka bincika shi ne sauran, wato wuraren da fim ɗin ya nuna yana bin dokokin da muka sani.

Mataki na 2: Kallo na biyu, ka fara da kunne

Ƙara ba ta tafiya sai ta sami abin hawa, iska ko ruwa ko ƙarfe. A sararin samaniya babu iska, saboda haka ko kumbo ya tarwatse a gabanka ba za ka ji ko "kas" ba. Star Wars na 1977 ya cika sama da rugugi, alhali 2001: A Space Odyssey, wanda ya riga shi da shekara tara, ya bar wajen kumbo shiru sai numfashin ɗan sama jannati. Ke nan tun tuni masu fim sun san gaskiyar, zaɓi suke yi.

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓuya, kuma har a fina-finan yaƙi ana yin sa. Ƙara a iskarmu tana gudun kimanin mita 340 a sakan. Shi ya sa da damina kake ganin walƙiya, sai ka ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin tsawa ta iso. Kowane sakan uku kusan kilomita ɗaya ne. To idan jarumi yana kan tsauni, abu ya fashe can nesa, kuma wuta da ƙara suka zo tare, an yi tuya an manta da albasa. A duniyar Mars ma jiran ya fi tsawo: makirfon motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a 2021, ya nuna ƙara a can tana tafiyar kusan mita 240 a sakan.

Tunda kana kan batun iska, ka duba hasken bindigoginsu. Ana ganin sandar hasken tocila da dare ne idan akwai hazo ko hayaƙi da hasken zai daka. Inda babu ƙura babu iska, hasken laser ba ya ganuwa daga gefe. Ka duba ƙura kuma. A bidiyon motar da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka tuƙa a kan wata a 1971 da 1972, ƙurar da taya ta watsa tana tashi ta lanƙwasa ta faɗo nan take kamar an watsa tsakuwa, domin babu iskar da za ta riƙe ta. Fim ɗin da ya nuna ƙura ta turnuƙe a kan wata, a duniya ya ɗauki hotonsa kuma bai gyara ba.

Mataki na 3: Nauyi da motsi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu kallo kansu suka fi yin kuskure.

Da farko ka cire wa ranka cewa babu ƙarfin jan ƙasa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tashar tana sama da mu da kimanin kilomita 400 kawai, kuma a wannan tsayin jan duniya yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ya sa mutanen ciki ke shawagi shi ne faɗowa suke yi, su da tashar gaba ɗaya, sai dai suna gudun kusan kilomita 28,000 a awa zuwa gefe, don haka kullum suna faɗowa kullum suna kuskure duniya. Kowane minti 90 ko makamancin haka sun kewayo. Idan ka riƙe wannan, sauran za su zo maka da sauƙi.

Sai ka bi ƙananan abubuwa da ido, domin su ke tona asiri. Gashi, sarƙar wuya, igiyar riga, ruwan cikin kofi. A fim ɗin Gravity na 2013, wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai, jarumar tana shawagi amma gashinta na kwance luf. Hawayenta kuma yana ɓallewa daga ido ya tashi. A zahiri hawaye manne wa fuska yake yi ya taru ya zama ƙulli, kamar yadda ɗan sama jannatin Kanada Chris Hadfield ya nuna da ruwa a cikin tashar a shekarar. Harshen wuta ma ba ya miƙewa sama a can. Zafi ba shi da "sama" da zai hau, sai wutar ta dunƙule kamar ƙwallo, launinta shuɗi-shuɗi.

Wahalar ɗaukar irin wannan hoto ita ta sa ake yafe wasu. Masu Apollo 13 na 1995 sun shiga jirgin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, samfurin KC-135 da ke hawa sama ya sako kansa, kowane sakowa ya ba su kimanin sakan 25 na rashin nauyi, suka yi ta maimaitawa har ɗaruruwa. Ba kowane furodusa ke da wannan ƙarfin ba, kuma ba kowane jarumi ke da cikin da zai jure ba.

Idan kuwa mutanen kumbo suna takawa daram kamar a tsakar gida, ka nemi dalili. Hanyoyi biyu kimiyya ta sani. Ko dai injin yana ta tura kumbon ba tsayawa, sai "ƙasa" ta zama ɓangaren da injin yake. Ko kuma kumbon yana juyawa. Ka tuna yadda yaro ke wulwula guga da ruwa a ciki bisa kansa ruwan bai zube ba. Haka juyi ke manne mutum da bango. Sai dai abin na son girma: in ana son nauyi irin na duniya da juyi biyu kacal a minti, don kada jiri ya ɗebi mutane, sai nisan daga tsakiya zuwa bango ya kai kusan mita 224. In fim bai nuna ko ɗaya ba, to ya ƙara ƙarya ta biyu a kan ta farko. Ka rubuta.

Yanzu tuƙi. Jirgin sama yana karkata fiffike idan zai yi kwana saboda iska yake takawa. Kumbo ba shi da abin takawa. Idan ya kashe inji ba ya tsayawa, haka zai ci gaba da gudunsa, kuma in yana son birki sai ya juya baya ya kunna inji ta inda ya nufa. Duk fim ɗin da mai ya ƙare wa kumbo ya tsaya cak kamar a-kori-kura a kan hanyar Zariya, ya faɗi wannan jarrabawar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bin wani a falaki. In abu yana gabanka a kan hanyar kewaya duniya, ka nufe shi ka taka wuta, ba kamo shi za ka yi ba: ƙarin gudun zai ɗaga ka zuwa hanya mafi tsayi, wadda kewayenta ya fi daɗewa, sai ya ƙara yi maka nisa. In kana son cim masa sai ka rage gudu, ka sauko ƙasa kaɗan, ka yi kewaye gajere. Wannan ya rikita ƙwararru ma. A watan Yunin 1965 matuƙin kumbon Gemini 4, James McDivitt, ya yi ta ƙoƙarin kusantar ɓangaren rokarsu da ya rabu da su, ya ƙona mai da yawa, abin na ta nisa, har aka haƙura.

Da wannan za ka gane babbar matsalar Gravity, wadda ta fi gashi nauyi: jaruman sun tashi daga wajen madubin hangen nesa na Hubble zuwa tashar ƙasa da ƙasa da na'urar goyo kawai, wato ƙaramin injin tashi da ake goyawa a baya. A lokacin fim ɗin Hubble yana can tsayin fiye da kilomita 500, hanyarsa ta karkata digiri 28.5 daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Ta tashar ƙasa da ƙasa ta karkata digiri 51.6. Sauya hanya daga wannan zuwa waccan na buƙatar canjin gudu na kusan kilomita 3 a sakan, ko fiye. Na'urar goyo da 'yan sama jannatin Amurka suka gwada a 1984, iyakarta kusan mita 25 a sakan. Abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa. Haka kuma fim ɗin ya ce tarkace ya lalata taurarin sadarwa, alhali tarkacen da ke yawo a wannan tsayin ba zai taɓa irin su NigComSat-1R na Najeriya ba, domin su suna can kilomita 35,786, inda kewayensu ya yi daidai da juyin duniya. Shi ya sa ake kafa dish sau ɗaya a bar shi yana kallon wuri guda.

Mataki na 4: Ka ɗauko kalkuletar wayarka

Lamba ɗaya ta isa: haske da saƙon rediyo suna gudun kusan kilomita 300,000 a sakan. Ka raba nisa da ita. Wata yana kimanin kilomita 384,000, saƙo zai yi sakan ɗaya da ɗan ɗori. Rana minti 8 da sakan 20. Mars kuwa, gwargwadon inda take a kewayenta, daga kusan minti 3 zuwa 22, tafiya ɗaya kawai. Wanda ke Mars ba zai yi hira da matarsa a waya ana "ina kwana, lafiya lau" ba; kafin amsar gaisuwa ta dawo shayi ya huce. The Martian na 2015 ya kiyaye wannan, har ya gina labari a kansa.

Ka lura da ma'auni kuma. Shekarar haske nisa ce, ba lokaci ba. Haka ma parsec, wanda ya kai shekarar haske 3.26, a Star Wars an yi alfahari da shi a bakin wani matuƙi kamar lokaci yake aunawa, masoya fim ɗin suka shafe shekaru suna neman yadda za su wanke maganar. Sai tarin duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter. A fim za ka ga kumbo na kutsawa tsakaninsu kamar ɗan acaɓa a bakin kasuwa. A zahiri tsakanin dutse da dutse ana maganar dubban ɗaruruwan kilomita ne, kumbunan bincike da dama sun ratsa wurin lami lafiya.

Mataki na 5: Iskar wurin da jikin mutum

The Martian ya buɗe da guguwar da ta tumɓuke eriya ta kusa kifar da roka. Iskar Mars siririya ce ainun, matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Ƙarfin bugun iska ya dogara da kaurinta da kuma gudunta, don haka guguwar kilomita 160 a awa a can za ta taɓa jikinka ne kamar iskar kilomita 20 a nan, irin wadda ke kaɗa shanya. Marubucin littafin, Andy Weir, ya sha faɗa cewa ya sani, ya yi ne don labari ya sami mafari. Haɗarin ƙurar Mars na gaske ya fi kama da hazon hunturu: tana rufe rana ta lulluɓe faifan sola. Ita ce ta kashe motar bincike ta Opportunity a 2018. Wani abin da fim ɗin ya bari shi ne nauyi; jan Mars kashi 38 cikin 100 ne na namu, amma jarumin na takawa kamar yadda kowa ke takawa a Wadi Rum ta Jodan, inda aka ɗauki hoton.

Idan rigar ɗan sama jannati ta ɓule fa? Fina-finai sun kasu biyu, wasu su fasa mutum kamar balan-balan, wasu su daskarar da shi nan take. Duk biyun ba haka ba ne. Fata tana da ƙarfin riƙe jiki, ko da yake zai kumbura. Daskarewa kuma na ɗaukar lokaci mai tsawo, domin babu iskar da za ta kwashe zafin. Irin hikimar filas ɗin shayi ce. Abin da ke kashewa rashin iskar shaƙa ne. A 1966 wani ma'aikacin NASA, Jim LeBlanc, yana gwajin riga a ɗakin da aka zuƙe wa iska, sai bututunsa ya cire. Ya suma cikin kusan sakan 14, kuma abu na ƙarshe da ya tuna shi ne yawu na tafasa a kan harshensa. Aka mayar da iska da sauri, ya farfaɗo. 'Yan sama jannati uku na kumbon Soyuz 11 na Tarayyar Sobiyet ba su yi wannan sa'ar ba a 1971, iskar kumbonsu ta zurare suka mutu. Kuma jarumin da ya cika ƙirji da iska ya riƙe kafin ya fita, huhunsa yake neman yagawa. Fitar da ita ake yi.

Fitilar da ke cikin hular kwano tana haska fuskar jarumi kuwa, don mu aka sa ta. Duk direban da ya kunna fitilar cikin mota da dare ya san ba ya ganin titi sosai.

Mataki na 6: Dodanni

A nan lissafi ɗaya ne. Ka ninka girman dabba sau 10 ta kowane gefe, nauyinta zai ninku sau 1,000, amma kaurin ƙafarta, wanda shi ke ɗaukar nauyin, sau 100 kawai. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta tururuwa kamar zare. Gizo-gizon da ya kai girman bene da siraran ƙafafunsa, karyewa zai yi kafin ya kori kowa. Velociraptor, dabbar zamanin da (dinosaur) da ke cikin Jurassic Park na 1993 kuwa, na gaskiyar bai fi talotalo girma da yawa ba, kuma a 2007 aka ga gurbin gashin tsuntsu a ƙashin hannunsa. Girman zaɓin masu fim ne. Gashin kuwa ilimi ne ya ci gaba ya bar fim a baya, wannan ba laifinsu ba ne.

Mataki na 7: Ka raba abin da ka tara

Yanzu takardarka ta cika. Kada ka ɗauke ta haka ka ce fim ya yi kurakurai goma sha biyar, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai wanda aka yi da gangan don mai kallo ya fahimta. Misalin da na fi so yana cikin Interstellar na 2014. Masanin kimiyya Kip Thorne, wanda ya sami kyautar Nobel a 2017, shi ya ba masu zanen kwamfuta lissafin yadda haske ke lanƙwasa a kewayen baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa, har aikin ya haifar da rubuce-rubucen ilimi a 2015. Lissafin ya nuna ɓangaren zoben hasken da ke kewaya ramin, wanda ke tahowa wajen mai kallo, ya kamata ya fi haske sosai, ɗayan ya dushe. Darakta ya ga hakan zai rikita mutane, aka daidaita hasken. Da aka fitar da hoton baƙin rami na gaske na farko ranar 10 ga Afrilu, 2019, sai ga gefe ɗaya ya fi haske. Sun sani, sun zaɓa. Irin wannan ina ambata shi ne in wuce.

Akwai na sakaci, wanda gyaransa ba zai ci ko sisi ba kuma ba zai taɓa labari ba, kamar kiran ma'aunin nisa a matsayin lokaci. Akwai kuma wanda ke dasa wa mutane jahilci su fita da shi, kamar fim ɗin Lucy na 2014 da aka gina a kan cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi. Hotunan asibiti sun nuna duk sassanta na aiki. Wannan ya fi ɓata min rai, domin ba a gabatar da shi a matsayin maganar kura ba, an sa shi a bakin farfesa yana lacca.

Mafi muni a wurina shi ne fim ya karya dokar da shi ya kafa, wato Gizo ya fito daga rijiya ba bayani. A Interstellar ɗin nan dai, sai da ƙatuwar roka mai hawa-hawa kafin a bar duniya, amma ƙaramin jirginsu ya tashi shi kaɗai daga wata duniyar da fim ɗin da kansa ya ce janta ya fi namu da kashi 30 cikin 100. Ba sai ka san kimiyya za ka kama wannan ba.

Mataki na 8: Ka binciki kanka kafin ka yi magana

Sau da yawa abin da ya yi kama da kuskure shi ne daidai. Mutane kan ce ƙarya ce awa ɗaya a kusa da baƙin rami ta zama shekara bakwai a duniya kamar yadda Interstellar ya nuna, alhali saɓanin gudun lokaci abu ne da aka auna. Agogunan taurarin GPS suna riga na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba da taswirar wayarka ta ɓatar da kai. Wasu kuma su ce ina taurari a hotunan 'yan sama jannati a kan wata? Ka tsaya ƙarƙashin fitila mai ƙarfi da dare ka ɗauki hoton abokinka da waya, ka duba ko tauraro ko ɗaya zai fito a bayansa. Kyamarar da aka saita don farar riga a cikin rana tsaka ba ta kama haske mai rauni. Fim ɗin da ya cika sama da taurari a bayan mutum mai ƙyalli da hasken rana shi ne ya ƙara gishiri.

Saboda haka duk abin da ka rubuta, ka nemi bidiyon gaske ka gwada su gefe da gefe. NASA da hukumar sararin samaniya ta Turai sun zuba na tashar ƙasa da ƙasa da na tafiye-tafiyen Apollo a YouTube kyauta. Ka fara da na ɗan sama jannati David Scott a 1971, yana tsaye a kan wata, guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. Ya sake su tare, suka taɓa ƙasa tare.